Hayaƙin Katifa da Katako: Abin da Ke Kisa a Gobara Kafin Wuta Ta Iso

Jama'ar Abossey Okai da Sabon Zango da Nima da Maamobi, da ku baƙinmu masu zuwa fatauci daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Yamai: Kafin ku ci gaba da karatu, ku ɗaga kai ku dubi ɗakin da kuke kwana. Akwai katifar soso a kan gado, wataƙila da wata a jingine da bango saboda yara. Akwai kujerar kushin da matasan kai. Silin ɗin na filawud ne, ƙofa da taga na katako, wani ɗakin ma da katako aka raba shi biyu. Waɗannan abubuwa biyu, soso da katako, su ne abincin kusan kowace gobarar gida a unguwanninmu, kuma hayaƙin da suke fitarwa yakan kashe mutum tun harshen wuta bai taɓa shi ba.

A aikina na jinya a cikin unguwa na taɓa karɓar wata uwa da aka fito da ita daga ɗakin da katifa ta ci wuta. Babu ƙuna ko ta ƙwayar gero a jikinta, har 'yan'uwanta suna cewa ta tsira, a mayar da ita gida ta huta. Amma muryarta ta dushe, akwai baƙin toka a hancinta, kuma ba ta iya faɗin sunan ɗanta. Da an bi shawarar komawa gida, da wuya ta kai safiya. Saboda irin wannan ne muka rubuta takardar nan, domin ku san abin da ke faruwa idan soso da katako suka yi zafi, da abin da hayaƙinsu ke yi wa jiki, da matakin da za ku ɗauka.

Mene ne soson katifa?

Sunansa a wurin masana kimiyya foliyuretan. Wani Bajamushe mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a shekarar 1937. Ana yin sa ne da sinadarai biyu waɗanda akasari daga man fetur ake samo su: ɗaya ana kiransa foliyol, ɗayan kuma aisosayanet. Idan aka gauraya su sai su kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yis, su daskare da ƙananan ramuka marasa adadi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na girman katifa iska ce kawai. Wannan ne ya sa take da laushi da rashin nauyi, kuma wannan ne ya sa take saurin kamawa, domin kowane ɗan zare na soson yana kewaye da iskar da wuta ke buƙata.

Ba a katifa kaɗai yake ba. Yana cikin kujerun mota da ake jibgewa a shagunan kayan gyara na Abossey Okai, da sirdin babur, da kujerun falo, da ƙarƙashin wasu dardumai. Akwai kuma mai tauri, launin ruwan ƙwai, wanda ke cikin bangon firiji da na ɗakunan sanyi.

Yadda soso ke lalacewa da zafi

Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas. Idan zafin soso ya kai tsakanin digiri 200 da 300, sai haɗin sinadaran nan biyu ya fara warwarewa. Ɓangaren aisosayanet yakan tashi a matsayin hayaƙi mai ɗan rawaya, mai yaji a ido da maƙogwaro. Ɓangaren foliyol kuwa sai ya narke ya zama ruwa mai kauri kamar mai, yana ɗiga yana ci da wuta, ya taru a ƙarƙashin gado ya zama tafkin wuta, ya riƙa gasa katifar daga ƙasa. Idan ya ɗiga a fatar mutum yakan manne, ƙunar ta yi zurfi.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta soso da itace: yana ɗauke da sinadarin naitirojin mai yawa. Idan zafi ya yi tsanani, musamman a rufaffen ɗaki inda iska ta fara ƙaranci, wannan naitirojin yakan fito a matsayin iskar sayanaid, ɗaya daga cikin gubobi mafi saurin kisa da aka sani. Tare da ita kuma ga iskar kabon monoksaid, ga baƙin hayaƙi mai kauri da ke hana mutum ganin tafin hannunsa, balle ƙofa.

Soso yana da hanyar ci iri biyu. Ta farko ita ce ta harshen wuta, kamar idan kyandir ya faɗo a kan katifa. Ta biyu ita ce cin ɓoye: guntun sigari, ko garwashin turaren wuta, ko maganin sauro na kunnawa ya taɓa zanen gado ko rigar katifa, wutar ta nutse ciki tana ci a hankali babu harshe, har tsawon awa ɗaya ko fiye, tana cika ɗaki da guba, sannan daga baya ta tashi gaba ɗaya. Wannan ta biyun ce ke samun mutane a cikin barci. Kada ku dogara da cewa wari zai tashe ku, domin hancin mai barci ba ya aiki kamar na wanda yake farke, kuma kabon monoksaid ƙara nauyin barcin take yi.

Yadda katako ke ci

Katako yana da tasa hanyar. Da farko zafi yakan kore ruwan da ke cikinsa. Daga wajen digiri 200 zuwa sama sai sassan itacen su fara rugujewa ɗaya bayan ɗaya, suna fitar da tururi mai kamawa da wuta. Idan fuskar katakon ta kai kimanin digiri 300 zuwa 350 kuma akwai harshen wuta a kusa, sai tururin ya kama. Abin da kuke gani yana ci a kan itace wannan tururin ne. Abin da ya rage a baya shi ne gawayi.

Wannan gawayi yana da amfani, domin yakan zama kamar bargo ya rage shigar zafi zuwa ciki. Wuta tana cin katako mai kauri da kimanin santimita 2 a cikin rabin awa, shi ya sa ake samun babban azara ko ginshiƙi a tsaye bayan gobara, baƙi a waje, lafiyayye a ciki. Amma filawud na silin da siraran allunan wawa da ake yin kiyos da rumfuna da su ba su da kaurin da za su kare kansu. Wuta takan huda su cikin 'yan mintoci. A gidajen haya da ɗakuna ke jere a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, idan bangon da ke tsakani bai kai har kwano ba, hayaƙi da wuta sukan bi ta saman silin su sauka a ɗakin maƙwabci, shi kuwa bai san abin da ake ciki ba.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe katako ƙarau, ya zama ba shi da ruwan da zai jinkirta kamawarsa. A irin wannan lokaci ne, a daren 1 ga Janairun 2025 wayewar 2 ga wata, gobara ta cinye mafi yawan kasuwar Kantamanto, dubban rumfunan katako cike da tufafi suka zama toka. Kasuwar ta taɓa ƙonewa a watan Mayun 2013. Haka nan a Maraɗi, a watan Nuwamban 2021, yara fiye da 20 suka rasu a azuzuwan zana da kara, kuma a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara almajirai 17 suka rasu a gobarar makarantarsu cikin Fabrairun 2025. Darasin ɗaya ne: abu siriri kuma busasshe ba ya ba mutum lokacin gudu.

Hayaƙin itace ma ba lafiyayye ba ne. Yana ɗauke da kabon monoksaid da sinadarai masu ƙona hanyar numfashi. Filawud yana da gam a tsakanin ɓawonsa, tsohon katako mai fenti yana iya ɗauke da dalma, wanda aka jiƙa da maganin gara kuma wani yana da gubar arsenik da ke zama a hayaƙi da toka.

Idan biyun suka haɗu a ɗaki ɗaya

Soso ne ke tayar da wuta da sauri, katako ne ke riƙe ta ya kai ta gaba. Hayaƙi mai zafi yakan hau sama ya taru a ƙarƙashin silin, yana kauri yana saukowa. Idan zafin wannan hayaƙi ya kai wajen digiri 600, sai ya gasa duk abin da ke ƙasa, labule da kujera da akwati da tabarma su kama a lokaci guda. Daga nan babu mai fita da rai. A ɗakin da ke da kayan soso, wannan yana iya faruwa cikin ƙasa da minti 5 daga tashin harshen wuta. Ku auna wannan da lokacin da motar 'yan kwana-kwana za ta ɗauka kafin ta ratsa cunkoson Kaneshie ko titin Nima, sannan a ja mesa cikin lungun da ko amalanke ba ya shiga da daɗi.

Duniya ta sha ganin aikin soso. Ranar 20 ga Fabrairun 2003, a jihar Rhode Island ta Amurka, soson da aka manna a bangon wani gidan rawa ya kama, mutum 100 suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa cikin kimanin minti ɗaya da rabi wurin ya zama ba a iya rayuwa a cikinsa. Ranar 27 ga Janairun 2013, a garin Santa Mariya na ƙasar Barazil, irin haka ta kashe mutum 242, akasarinsu ta hanyar shaƙar hayaƙi mai sayanaid. A Ingila kuwa, bayan gobarar wani babban kanti a Mancesta a 1979, wadda ta tashi a sashen kujerun soso ta kashe mutum 10, an yi ta matsa wa hukuma lamba har aka kafa dokar 1988 da ta tilasta wa masu yin kujeru da katifu amfani da soson da ba ya saurin kamawa. Ku sani cewa yawan kuɗin katifa ko taurinta ba shaida ba ce cewa tana jure wuta.

Abin da hayaƙin ke yi wa jiki

Jini yana da wani sinadari ja mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadari fiye da yadda oksijin ke yi har sau 200 ko fiye, sai ta ƙwace wurin. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, sannan suma.

Sayanaid kuwa a cikin ƙwayoyin jiki take aiki. Tana hana su amfani da oksijin ko da ya iso gare su, kamar a kawo wa mutum abinci a ɗaure masa baki. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne ke fara gazawa, cikin mintoci kaɗan. Idan gubobin biyu suka haɗu, kowace tana ƙara wa ɗayar ƙarfi. Ga shi kuma wutar tana cinye oksijin na ɗakin, wanda a iska mai kyau kashi 21 ne cikin 100. Wannan ne dalilin da ake samun mutum kwance dab da ƙofa: ƙafafunsa ne suka ƙi ɗaukarsa.

Na uku shi ne zafi da yajin hayaƙin, masu ƙona maƙogwaro da huhu. Kumburin ba ya bayyana nan take. Yana iya ƙaruwa cikin awoyi har ya toshe hanyar numfashi, bayan mutum ya yi magana da ku lafiya lau. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai da ƙananan yara, tsofaffi, masu asma, masu ciwon zuciya, masu sikila ko ƙarancin jini, da mata masu ciki, domin ɗan tayi ya fi uwarsa jin wannan guba.

Gubar da muke shaƙa ba tare da gobara ba

Da yawa daga cikinmu suna yanko guntun soso ko leda su hura gawayi a kurfoti da shi, saboda yana kamawa da sauri. Duk wanda ya sunkuya yana fifita wannan wuta, yana shaƙar irin hayaƙin da muka bayyana, shi da yaron da ke goye a baya. Sinadarin aisosayanet sananne ne wajen haddasa asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon. Mazauna Abossey Okai ba su manta baƙin hayaƙin Agbogbloshie ba, inda aka daɗe ana ƙona wayoyin lantarki da soson tsofaffin firiji da tayoyi don a fitar da jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a Yulin 2021. Kada mu maido da shi ƙofar gidajenmu. Ku hura wuta da ƙirare ko ɓawon kwakwa ko takarda. Kada ku ƙona tsohuwar katifa ko kujerar mota a bakin kwata. Kada ku dafa abinci ko ku gasa nama da katako mai fenti ko filawud. Masu walda kuma su cire kujera da soso daga mota kafin su kunna wuta.

Kafin gobara

Ku nisanta katifa da labule daga kyandir da fitila da kurfoti da soket. Idan an ɗauke wuta, tocila ko fitilar caji ta fi kyandir aminci, kuma ku kashe dutsen guga da hita da murhun lantarki kafin ku fita ko ku kwanta, domin wutar tana iya dawowa ba kowa a kusa. Maganin sauro na kunnawa a ɗora shi a kan ƙarfensa cikin faranti, a ƙasa, nesa da gado, gidan sauro kuma ya fi shi. Kada a yi cajin waya a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Kada a shigar da kurfoti ko janareta cikin ɗaki ko shago a rufe, ko da sanyi ya yi yawa.

Ku duba hanyar fita. Idan duk tagogi suna da ƙarfen tsaro, a sa wa aƙalla ɗaya ƙyaure mai buɗuwa daga ciki. Mabuɗin ƙofa ya kasance wuri ɗaya da kowa ya sani, har yara. Kada a kulle yara a ɗaki a tafi kasuwa ko unguwa. Malaman makarantun allo da masu gidajen saukar baƙi su tabbata ɗakin kwanan mutane da yawa yana da ƙofa biyu. Masu shaguna su raba kujerun mota da man inji da batir da tayoyi, su ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi a bakin ƙofa. Na'urar jin hayaƙi mai batir, wadda ake mannawa a silin, tana ƙara mai ƙarfi tun wuta tana ƙarama, kuma ita ce ke tashin mai barci. Ku yi magana da mai gida da sauran 'yan haya a kan wayoyin lantarki da suka tsufa da bangon da bai kai rufi ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, a gidan haya kuwa gemun ɗaya ne.

Idan wuta ta tashi

Ku yi ihu ku tashi kowa, ku fita nan take. Ku sunkuya ko ku yi rarrafe, domin iska mai dama tana ƙasa. Kafin ku buɗe ƙofa ku taɓa ta da bayan hannu, idan da zafi ku nemi wata hanya. Idan kowa ya fito, ku ja ƙofar ɗakin ku rufe, wannan yana rage wa wutar iska, yana kuma tsare hayaƙin. Kada ku ja katifa mai ci ta cikin ƙofa, za ta tashi a hannunku ta toshe hanyar kowa. Kada ku koma don kuɗi ko takardu ko waya. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana tare toka, amma ba ya tare kabon monoksaid ko sayanaid, don haka kada ya ruɗe ku ku daɗe a ciki.

Ku kira 'yan kwana-kwana tun da wuri: a Gana 192 ko 112, motar asibiti 193, a Najeriya 112, a Nijar 18. Ku faɗi unguwa da wata alama sananniya, ku tura yaro babba bakin titi ya nuna musu lungu. Ruwa yana kashe wutar soso da katako idan tana ƙarama, amma a fara kashe mita, kuma kada a watsa ruwa a kan mai ko fetur. Katifar da aka kashe a fitar da ita fili a jiƙa ta sosai, domin takan sake tashi daga ciki.

Taimakon farko

Ku kai wanda ya shaƙi hayaƙi inda iska take, ku sassauta masa tufafi. Idan ya suma amma yana numfashi, ku kwantar da shi a gefensa. Idan ba ya numfashi, ku riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Kada ku ɗura masa madara ko manja ko ruwa, ba sa wanke wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi su shiga huhu.

A kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya ruɗe, ko muryarsa ta dushe, ko akwai baƙi a hanci da baki da majina, ko gashin hanci da gira sun babbake, ko numfashi yana ƙara, ko yana ciwon ƙirji. Yaro da mai ciki a kai su ko da babu alama. Ku gaya wa ma'aikatan lafiya abin da ya ƙone da tsawon zaman da ya yi a ciki. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin ya cika alhali jinin cike yake da kabon monoksaid. Babban maganin shi ne oksijin tsantsa: a iskar waje jiki yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Sayanaid ma tana da makari da ake bayarwa ta jijiya, ɗan gidan bitamin B12. Bayan an sallami mutum, idan mantuwa ko canjin hali ko rashin daidaiton tafiya suka bayyana cikin makonnin da suka biyo baya, a mayar da shi.

Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a fizge tufa ko narkakken soso da ya manne a fata, kada a fasa bororo. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, ko toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce. Asibitin Maamobi, da na Ridge, da na sojoji na 37 suna kusa da mu, kuma asibitin koyarwa na Korle Bu yana da cibiya ta musamman ta masu ƙuna.

Muna roƙon ku, yau da dare kafin a kwanta, ku tara mutanen gida ku nuna wa kowa ta inda zai fita, da inda za a haɗu a waje, ku kuma sa yara su haddace lambar 112. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.